Hadisin Ummu Ƙais Da Jinyar Ƙananan Yara

Dukan yabo ya tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya 'ya'ya amana a hannun iyayensu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a cikin matan da suka yi hijira tun da farko, suka yi wa Manzon Allah mubaya'a, akwai Ummu Ƙais 'yar Mihsan, 'yar'uwar Ukasha, Allah ya yarda da su. Almajiran da suka karanta Muwaɗɗa ta Imamu Malik sun san sunanta a babin tsarki, domin ita ce ta kawo jaririnta wanda bai fara cin abinci ba, Annabi ya zaunar da shi a cinyarsa, yaron ya yi masa fitsari a tufa, aka kawo ruwa ya yayyafa. Amma akwai wani labarin nata da ba a cika karanta shi a zaure ba, wanda Buhari da Muslim suka kawo cikin hadisan magani. Wata rana ta shiga wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana ɗauke da ɗanta, ta riga ta danna masa maƙogwaro saboda wani ciwo da Larabawa ke kira uzra. Sai Annabi ya nuna rashin yardarsa, ya tambayi dalilin da ya sa mata suke wahalar da 'ya'yansu da wannan aiki, sa'an nan ya nuna musu magani mai sauƙi, watau itacen nan da ake kira ƙusɗul Hindi.

Malaman da suka yi sharhin hadisin sun bayyana cewa uzra ciwo ne da yake tasowa a maƙogwaron yaro, kusa da belu. Al'adar matan wancan zamani ita ce mace ta sa yatsa ta danne wurin da ƙarfi, ko kuma ta murɗe tsumma ta cusa ta hancin yaron har ta soki wurin, baƙin jini ya fito. Ba mugunta ce take sa su ba. Ummu Ƙais sahabiya ce mai daraja, kuma abin da ta gada daga iyaye da kakanni shi ta yi wa ɗanta don son ya warke. Duk da haka kyakkyawar niyyarta ba ta hana a gyara mata ba. A ruwayar Anas ɗan Malik ma kalmar da aka yi amfani da ita ita ce azabtarwa, wadda ta fi wahalarwa nauyi nesa ba kusa ba.

Duk wanda ya san ƙasar Daura, daga Zango zuwa Baure da Sandamu da Mai'adua, zai ga cewa wannan labari bai yi nisa da gida ba. Har yanzu a gidaje da yawa akan kira wanzami cikin makon haihuwa, ko ranar suna, ya cire wa jariri belu, bisa zaton cewa idan aka bar shi zai kumbura ya toshe wuya, ko ya hana yaro shan nono. In yaro ya ɗan tasa ya kama ciwon wuya ko amai, sai a ce belu ne ya sauko, a koma ga aska. To, belu halitta ce da Allah ya yi wa kowane ɗan Adam, ba cuta ba ce. Yanke shi kuwa yana iya jawo zubar jini ga jaririn da jinin jikinsa duka bai cika kwalbar lemo guda ba, kuma askar da ta shiga bakin yara da yawa tana iya ɗauko ciwon hanta ko cutar sandarewar jiki daga wani wuri ta kai wa wani. Wanzanci sana'a ce mai asali, ba a ƙasƙanta masu ita ba. Abin lura ma shi ne, hadisin Anas ɗin nan da ya hana danna wuyan yara shi ne kuma ya yabi ƙaho. Magana ɗaya ta tabbatar wa wanzami da wani sashe na aikinsa, ta kuma rufe ƙofar taɓa maƙogwaron yaro. In danna da yatsa an kira shi azaba, ina ga yanka?

Haɗarin ya ƙaru tun daga ƙarshen 2022, lokacin da cutar mashaƙo ta ɓarke a Kano ta bazu zuwa Katsina da Yobe da wasu jihohi. Mashaƙo a wuya yake farawa: zazzaɓi, da zafin haɗiya, da wata fatsi-fatsin yana da takan rufe maƙogwaro, da kumburin wuya. Wannan shi ne ainihin yanayin da ake cewa belu ya sauko. Kankare wurin ba ya ƙara komai sai jini, domin dafin ƙwayar cutar yana tafiya ne zuwa zuciya, kuma abin da yake karya shi allura ce ta musamman da ake samu a asibiti. Rigakafinsa yana cikin allurar da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14.

A nan sai a tsaya a kan wani hadisi na biyu, domin shi ne ginshiƙin darasin. Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi ma'anar cewa kowace cuta tana da maganinta, kuma waraka tana samuwa da izinin Allah idan aka dace da maganin wannan cutar. Mutane sun riƙe rabin farko sun saki na biyu. Kalmar da aka fassara da dacewa ta fito ne daga isaba, wadda Larabawa suke faɗa ga kibiya idan ta sami abin da aka harba. Maharbi kuwa ba ya samun abin da bai gani ba. Ashe ke nan sanin cuta yana gaba da ba da magani, kuma maganin da yake na ƙwarai ga wannan ciwo yana iya zama banza, ko ma guba, ga wancan. Imamu Malik ya kawo daga Zaidu ɗan Aslam cewa wani mutum ya ji rauni a zamanin Annabi, aka kira mutum biyu daga ƙabilar Banu Anmar su duba shi, sai Annabi ya tambaye su wane ne ya fi sanin magani a cikinsu. Bai tambayi wanda ya fi tsufa ba, ko wanda ya fi kusa da gidan.

A kan wannan tafarki malaman Musulunci suka tafi. Abubakar Arrazi, wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya yi littafi musamman don rarrabe agana da ƙyanda, saboda ya ga ana cuɗanya su. A Ƙairawan, garin mai Risala kuma a zamaninsa, likita Ibnul Jazzar ya rubuta littafi sukutum a kan renon yara da jinyarsu. A ƙasar nan ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bar littattafai da dama a kan magani, duk da nauyin mulki da yaƙi da ke kansa. Waɗannan bayin Allah ba su ga wani saɓani tsakanin dogara ga Allah da binciken cuta ba.

To, mene ne iyaye za su iya ganewa da idonsu, alhali ba su yi karatun likita ba? Abin da yawa, kuma a fara da zazzaɓi, tun da shi ne babban baƙon damina. A Zango, kamar sauran garuruwan kan iyakar Nijar, ruwan sama gajere ne, amma daga watan Yuli zuwa Oktoba sauro yakan yi ƙarfi, a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, magidanta suna gona, hanyoyin ƙauyuka irin su Yardaje da Rogogo da Garni kuma sun jiƙe. Zafin jiki alama ce, ba sunan cuta ba ne. Yana iya zama zazzaɓin cizon sauro, yana iya zama ciwon kunne, ko na huhu, ko ƙyanda tana shirin fesowa. Hanyar rarrabewa ta yi sauƙi a yau: ɗigon jini ɗaya daga yatsa, a ɗakin shan magani, cikin kamar minti 15 ko 20 a san gaskiya. In gwaji ya nuna zazzaɓin sauro ne, maganinsa shi ne haɗin da ake kira ACT, ana shan irin wanda ya fi yawa a asibitoci sau biyu a rana har kwana uku, gwargwadon nauyin yaro. Kulorokwin da iyaye suka saba da shi a da, Najeriya ta daina dogara da shi tun 2005 saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga yaro ya tashi yana wasa a rana ta biyu, sai a ɓoye sauran ƙwayoyin don ƙanensa. Wannan tattali ne mai tsada, domin cutar ba ta mutu ba, lafawa ta yi.

Game da sanyaya jiki, ya tabbata cewa Asma'u 'yar Abubakar takan zuba wa mace mai zazzaɓi ruwa ta wuyan rigarta, tana bin umurnin Annabi. Ibnul Ƙayyim ya yi nuni da cewa irin wannan umurni an fuskanci mutanen Hijaz ne da shi da masu irin yanayinsu, kuma ana lura da irin zazzaɓin. Ga ƙaramin yaro, abin da ya dace shi ne a rage masa tufa, a goge jikinsa da ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda ba na randa mai sanyi ba, a yawaita ba shi nono da abin sha, a ba shi farasitamol daidai awonsa. Sai dai a sani cewa wannan duka saukar da zafi yake yi, ba ya kashe abin da ya kawo zafin. Akwai kuma maganin rigakafin zazzaɓin damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, aka kuma fara gwada shi a jihar Katsina a 2013. Ma'aikata sukan bi gida gida sau ɗaya a wata, su ba yaran da ke tsakanin wata 3 da shekara 5 kashin farko a gabansu, su bar wa uwa na kwana biyu masu zuwa. Waɗannan biyun amana ce a hannunta.

Akwai alamomi huɗu da malaman asibiti suka haɗu a kan cewa duk yaron da aka ga ɗaya daga cikinsu a jikinsa, ba a kwana da shi a gida, kowane irin ciwo ne kuwa ya kawo ta. Su ne yaro ya kasa kama nono ko shan ruwa, ko ya riƙa amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi laƙwas ba a iya farkar da shi sosai, ko ya yi taune-taune. Ana iya ƙarawa da tafin hannu ya yi fari fat, wanda yake nuna jini ya ƙare, da sandarewar wuya, wadda take nuna sanƙarau. Dattawa ba su manta da bazarar 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kashe mutum fiye da 11,000 a Najeriya, galibinsu a Arewa.

Taune-taune shi ya fi rikita gida, kuma a nan ne aka fi karkata zuwa ga cewa iska ce ko kambun baka. Babu Musulmin da zai musa cewa kambun baka gaskiya ne, ko ya hana ruƙya da ayoyin Allah. Annabi da kansa yakan nema wa Hasan da Husaini tsari, kuma Malik ya ruwaito cewa ya shiga ɗakin Ummu Salama ya tarar da yaro yana kuka, ya yi umurni a yi masa ruƙya. Amma mafi yawan jijjigar yara a damina zafin jiki ne ko zazzaɓin sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, na biyun kuwa yana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Addu'a ba ta da nauyin ɗauka: ana iya yin ta a kan babur, ana iya yin ta a bakin gadon asibiti. Babu wani nassi da ya ce sai an gama wannan a fara wancan. Abin yi a lokacin da yaro yake jijjiga shi ne a kwantar da shi a gefensa, a kawar da wuta da abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko jiƙo, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa abin da aka ɗura masa huhu yake tafiya, kada kuma a turnuƙe shi da hayaƙi. Da ya lafa sai a kama hanya.

Idan hunturu ya shigo da ƙurarsa, sai tari ya karɓi fage. Yawancinsa mura ce wadda takan wuce da kanta, ba ta bukatar allura. Abin tsoro shi ne ciwon huhu, wanda ake kira namoniya ko ciwon haƙarƙari, kuma gane shi ba ya bukatar komai sai agogon waya. A ɗaga rigar yaro lokacin da yake a natse, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60 ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara 1, iyakar 50 ce. Daga shekara 1 zuwa 5 kuwa 40. In kuma ƙasan ƙirji yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, to a gaggauta. Maganinsa, amoksisilin, ba shi da tsada, amma ma'aikacin lafiya ne zai faɗi awonsa da kwanakinsa.

Zawo shi ne inda al'ada ta fi yin kaka-gida, don haka ya cancanci a daɗe a kansa. Da yaro ya fara gudawa sai a ce haƙori ne, a miƙe ƙafa. Dalilin wannan zato a fili yake. Haƙori yakan fara fitowa wajen wata 6, a daidai lokacin da yaro yake fara zama da rarrafe, yana kai duk abin da ya tsinta baki, ana kuma fara ba shi kunu da ruwa. Abubuwa biyu sun zo lokaci guda, sai aka ɗora wa ɗaya laifin ɗaya, alhali ƙazantar da ta shiga ciki ita ce sanadi. Wannan zato ya taɓa jawo babbar musiba: daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, wani maganin haƙori na ruwa da aka gurɓata da sinadari mai guba ya kashe yara 84 a Najeriya. Sun mutu ne a kan maganin abin da ba cuta ba.

Abin da yake kisa a zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki. Alamarsa idanu su faɗa, baki ya bushe, fitsari ya ragu, in an tsunkuli fatar ciki a saki ta daɗe ba ta koma ba, maɗiga kuma ta lotsa. Akan ga an kwaɓa magani an shafe tsakiyar kan jariri da shi wai don maɗiga ta taso. Rijiya ce ruwanta ya ja baya, shafe bakinta da laka ba zai cika ta ba. Maɗiga tana faɗawa ne don ruwa ya ƙare a jiki, kuma ta baki ake mayar da shi. In kuwa kumbura ta yi ta yi tauri, wannan wata magana ce daban, alamar sanƙarau ce.

Maganin yana cikin mafi arha a duniya, watau ruwan gishiri da sukari. Ƙunshin da ake samu a asibiti da kantin magani shi ya fi, a narka shi a ruwa mai tsabta gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa, galibi lita ɗaya, kimanin ruwan leda biyu ke nan. In babu shi, a zuba ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, a shafe ba a tsiri ba, da rabin cokali na gishiri, a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce. Kada gishirin ya fi na hawaye, domin yawansa cutarwa ne. A riƙa ba yaro da cokali kaɗan kaɗan bayan kowane zawo, in ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali, abin da ya kwana ya wuni kuma a zubar a haɗa sabo. Tare da shi a ba da ƙwayar zinki kullum har kwana 10 zuwa 14. Kada a janye nono, kada a hana abinci. Wanda ya raina wannan haɗi saboda arharsa ya ji abin da ya faru a 1971 a wani sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, lokacin yaƙin da ya haifi ƙasar Bangaladash. Kwalara ta ɓarke, ruwan ƙarin jiki ya ƙare, sai wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa shi a manyan durom ana shayar da mutane. Mutuwa ta sauko daga kimanin 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Sai dai in an ga jini a kashin yaro, ko zawon ya kai mako biyu, ko ya kasa sha, to aikin ya wuce na gida.

Jariri ɗan kwanaki hukuncinsa ya fi tsanani, domin shi ba ya jinkiri. In ya daina tsotso, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau, ko cibiya ta yi ja tana wari, ko shawara ta bayyana a ranar farko, ko rawayar ta sauko har tafin hannu da ƙafa, asibiti ne kawai. Cibiya ba a sa mata toka ko man goge baki ko gishiri, akwai man kuloheksidin da aka tanada dominta. Ƙwallon kafur da ake sawa cikin kayan jarirai don ƙamshi yana fasa jinin wasu yara ya jawo shawara mai tsanani, gara a nisanta shi. Dakashi, watau nonon farko da wasu suke matsewa su zubar wai ba shi da kyau, shi ne kariyar farko da Allah ya tanadar wa jariri. Tauna dabino a shafa wa jariri a dasashi sunna ce tabbatacciya, an yi wa Abdullahi ɗan Zubair, amma shafawa ce ta ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ba ta zama hujjar ɗura wa jariri ruwa da jiƙe-jiƙe ba. Zuma ma, wadda Alƙur'ani ya ambaci warakarta a Suratun Nahli, likitoci sun gano cewa hanjin yaron da bai cika shekara ba ba ya iya kare kansa daga wata ƙwayar cuta da takan kasance a cikinta, don haka a jira ya shekara. Wannan bai saɓa wa ayar ba, komawa ne ga maganar dacewa da ta gabata. Nono zalla har wata 6 ya ishi jariri ci da sha ko da a bazara ne, sa'an nan a haɗa da abinci a ci gaba har shekara biyun da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata.

Tamowa kuwa ita ce take share wa sauran cututtuka hanya. Yaron da ya rame, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko awon damtsensa ya gaza santimita 11 da rabi, zawo kaɗan ko ƙyanda sai ta tafi da shi. A watan Yuli na 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da sanarwar cewa yara 652 masu tamowa sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, ta kuma danganta haka da rashin samun kulawa a kan lokaci. Abincin gyaɗa na musamman da ake bayarwa don irin waɗannan yara magani ne da aka ƙidaya wa yaro ɗaya. Wanda ya kai shi kasuwa, uba ne ko ma'aikaci, ya ci amanar wanda ba shi da bakin kai ƙara. Ƙyanda kuma, wadda ake sakaya sunanta a ce baƙon dauro, a kulle yaro a ɗaki ana jiran ta gama fesowa, allurarta tana nan a wata na 9 da na 15.

Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito ma'anar cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, to lamuni yana kansa. Malaman fiƙihu sun gina a kan haka cewa jahilin mai magani yana biyan abin da ya ɓata. Wannan hukunci ya hau kan mai kantin da yake ƙulla ƙwayoyi kala biyar a leda don yaron da bai gani ba, ya hau kan mai yawo da allura a jaka ranar kasuwa, ya kuma hau kan maƙwabciyar da take rarraba ragowar maganin ɗanta. Mai kanti mai tsoron Allah shi ne wanda ya san iyakarsa, ya ce wa uwa wannan ya fi ƙarfina, wuce asibiti, ko da ya rasa cinikin ranar.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi shafar maza. Sau da yawa uwa ta ga alamar tun da hantsi, ta kuma san ta gani, amma maigida yana gona, ko ya tafi cin rani Kano ko Legas, ba ta da izinin fita, ba ta da kuɗin babur. Wani lokaci kuma ɗan fari ne, kunya ta hana ta nuna damuwa a gaban uwar miji, sai ta yi shiru tana kallo har la'asar. Kunya ado ce, amma Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba, ran yaro kuwa kiyaye shi yana cikin abubuwa biyar da malaman usulu irin su Gazali da Shaɗibi suka ce shari'a ta zo don tsare su. Haƙƙin miji na a nemi izininsa tabbatacce ne, amma an ba shi ne don ya kiyaye gidan da shi, kuma hadisin kiwo ya sanya shi abin tambaya a kan iyalinsa, kamar yadda ya sanya matar abar tambaya a kan 'ya'yan. Idan rai yana cikin haɗari, fitar uwa da ɗanta zuwa asibiti lalura ce, babu laifi a kanta.

Mafi kyau dai kada a bari a kai ga haka. Magidanci ya faɗa da bakinsa tun ana lafiya, a gaban mahaifiyarsa da matansa, cewa duk ranar da aka ga ɗaya daga alamomin nan a jikin yaro, dare ne ko rana, an yi izini, kada a jira shi. Ya ajiye kuɗin mota da na kati a wurin da aka sani, ya yi magana da wani mai babur a unguwa, ya kuma san ɗakin shan maganin da yake buɗe da dare, da hanyar babban asibitin Daura in an tura su gaba. Kakanni mata, waɗanda maganarsu ce take yanke hukunci a kan jarirai a yawancin gidaje, su ne suka fi cancanta a karanta wa labarin Ummu Ƙais, a makarantun matan aure da wuraren suna, da ladabi da girmamawa, kamar yadda aka gyara wa ita sahabiyar ba tare da an kunyata ta ba. Katin rigakafin yaro kuma a adana shi inda ruwan damina da gara ba za su kai gare shi ba, a tafi da shi duk lokacin da za a je asibiti.